Daga Sakkwato zuwa dusar ƙanƙara: ina ya kamata sabon shiga ya zuba kuɗinsa?

Basakkwacen da ke hura wuta a ƙofar gida idan hunturun Janairu ya kankama, shi ne yau yake tambayar nawa ake kashewa a je wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ba laifi, amma ɗarin da muka sani daban, na can daban.

Idan ba ka taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafa ba, na fi son ka fara da na cikin gini. Ski Dubai, da aka buɗe a 2005 cikin Mall of the Emirates, gangararsa mafi tsawo mita 400 ce, a nan ake ba ka aron riga da wando da takalmi. Akwai irinsa a Masar, Ski Egypt, tun 2017. Babu iska, babu hazo, babu zaftarewar ƙanƙara. Aibinsa ɗaya, bayan kwana biyu ka haddace wurin. Ɗan kasuwar da dama zai je sarin kaya sai ya ware yini guda ya gwada gwiwarsa tukuna.

Oukaimeden na Maroko, kimanin kilomita 75 daga Marrakesh, akwai sauƙin kuɗi, sai dai ƙanƙararsa ba ta da alƙawari. Wata shekarar duwatsu za ka tarar tsirara. Afriski na Lesotho kuwa lokacinsa Yuni zuwa Agusta, sa'ad da muke damina, kuma galibi inji ke feso masa ƙanƙarar. Duka biyun na yawon buɗe ido ne, ba na koyo sosai ba.

Turkiyya ce zaɓina ga mai son tsauni na gaske. Uludag na kusa da Bursa, Erciyes na bayan Kayseri, Palandoken kuma a gefen Erzurum, garin da ya karɓi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Abinci halal ne, masallaci ba ya wahalar samu, kuɗin kwana da na malami bai kai na Turai ba. Uludag ya fi cunkoso a ƙarshen mako saboda mutanen Istanbul.

Tsaunukan Alps na Turai su ne uwa ma ba da mama. A Shamoni ta Faransa aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Amma bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ka karanta takardar da kyau, don ba kowace inshora ke biyan kuɗin karaya a wasan ƙanƙara ko ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu ba. Wanda bai iya tsayawa ba ya biya tikitin tsauni guda, a gindinsa zai wuni tare da yara.

To ga inda nake son ka natsu. A Turai ana yi wa hanyoyin zamiya alama da launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi mai tsananin gangara, Faransa ta ƙara kore don sabon shiga. Launin bai faɗi komai game da ƙanƙarar ranar ba. Jar hanyar da ta narke jiya da rana, ta sake daskarewa da dare, da safe santsinta kamar an zuba miyar kuɓewa a kan siminti. Da la'asar a watan Maris kuma ta zama caɓi mai nauyi, mai riƙe ƙafa ya murɗe gwiwa. Ƙa'idar wurin, na gabanka ne ke da hanya, kai da ke baya kai za ka kauce. Kada ka tsaya hutawa bayan tudu inda na sama ba ya hango ka.

Igiya ko sandunan da aka kafa a gefen hanya ba ado ba ne. Kowace safiya ana liƙa matakin haɗarin zaftarewar ƙanƙara, daga 1 zuwa 5, kuma yawancin rayukan da ake rasawa a mataki na 2 da na 3 ne, lokacin da mutane ke ganin ai da sauƙi. Wanda ƙanƙara ta binne, bayan kamar minti 15 damar fitarsa da rai na raguwa ƙwarai. Gwanin tseren mota Michael Schumacher a wajen hanya ya faɗi a Meribel ta Faransa cikin Disambar 2013, kansa ya bugi dutse, alhali da hular kwano a kansa. Lambar neman agaji 112 ce, a Turai da Turkiyya.

Akwai batun da ya shafe mu fiye da Turawa: sikila. Sakkwato ba ta fi mita 300 da ɗoriya a saman teku ba, Oukaimeden kuwa daga mita 2,600 ya fara, Afriski ya haura 3,000. Ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, har mai AS ma saifarsa kan iya kamuwa a irin wannan tsayi. A ga likita kafin a biya kuɗin jirgi.

Kaya kuma, allunan zamiya da takalmi da hular kwano haya ake yi a can, kada ka saya. Rigar sanyin gwanjo daga kasuwa za ta yi idan ba ta shan ruwa, amma ban da singiletin auduga a ciki, don tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Abin da za ka saya sabo shi ne safar hannu da tabarau mai tare hasken rana, domin sabuwar ƙanƙara na maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona ido. Rarar kuɗin ka ba malamin da zai tsaya a kanka kwana uku na farko.