Farautar elk ko tsintar ƙaho, wanne ya fi da iyali?

A jihar Wyoming ta Amurka akwai wata ƙatuwar barewa da suke ce ma elk, ƙahon namijin kamar rassan bishiya, kuma duk shekara wajen Maris zuwa Afrilu sai ya zubar da shi wani ya tsiro, ba irin na shanunmu ba.

Farautarta sai da kaka, sai ka yanki lasisi, ga bindiga ga sanyi, ka tashi tun asuba ka hau dutse shiru ba magana, wanda da yara kam ai ba mai yiwuwa bane. In ka dace nama ya cika firiza, amma fito da shi daga daji a kafaɗa, hmm, aiki ne ja.

Tsintar ƙaho kuwa yawo ne kawai, ni dai da iyali ita zan zaɓa, kowa ido a ƙasa, yaro ya hango farin tsini cikin ciyawa ya kwasa da gudu yana ihu. Ita ma fa da doka, a yammacin jihar sai cikin watan Mayu ake buɗewa don kar a firgita dabbobin da suka sha wuyar hunturu. A garin Jackson har gwanjon ƙahon ake yi.