Ramin gishirin Hallstatt: abin da kuɗin tikiti ke saya

Hallstatt ƙauye ne a ƙasar Ostiriya, a matse tsakanin tafki da dutse. Mazaunansa ba su kai dubu ba, amma da rani baƙi na iya kai dubu 10 a rana. Wanda ya tsaya a ƙasa, hoto kawai zai ɗauka cikin turmutsutsu. Abin da ya cancanci kuɗin mutum yana sama, a ramin gishirin da ake kira Salzwelten.

Ga wanda ya zo ta jirgin ƙasa, tashar tana tsallaken tafkin, sai an shiga jirgin ruwa. Daga ƙauyen akwai motar kebul mai hawa dutsen, amma a duba kafin a taso ko tana aiki, domin hawa da ƙafa ya kai awa guda. Ko an sauka a sama, da sauran tafiyar minti 15 ta hawan tudu kafin ƙofar ramin. Nan mutane ke yin kuskure: su lissafa zagayen ciki kawai, su manta da hanya da layi. A ware awa uku.

Sanyin cikin ramin digiri 8 ne, rani da damina. Rigar da wandon da ake bayarwa a ƙofa don kare tufafi ne, ba sa hana sanyi, don haka a sa rigar sanyi a ƙasansu da takalmi rufaffe. Ba a shiga da yaro ɗan ƙasa da shekara 4. Ana sauka daga hawa zuwa hawa ta kan katakon sulɓi irin na mahaƙa, mafi tsawo mita 64. A jingina baya, a ɗaga ƙafafu. Masu ƙoƙarin taka birki da hannu ko da diddige su ne ke ƙonewa da gogayya.

Bayanin yadda ake fitar da gishirin ya fi sulɓin armashi. Gishirin gauraye yake da yumɓu, saboda haka ba a fasa shi da diga a yau. Ruwa ake turawa cikin dutsen ya narkar da shi, yumɓun ya kwanta, a zuƙo ruwan gishirin a tura ta bututu kilomita 40 zuwa garin Ebensee, inda ake dafa shi. An fara shimfiɗa bututun a 1595, da gungumen itace da aka huda.

Tarihin Kelt fa, wato mutanen Turai na zamanin da, waɗanda ake dangantawa da wurin? Daga 1846 zuwa 1863 shugaban mahaƙar, Johann Georg Ramsauer, ya tono kaburbura kusan 980 a wannan tudu. Takubba da kayan ado da aka samu a ciki ne suka sa masana suka raɗa wa wani zamani na ƙarfe sunan Hallstatt, daga wajen 800 zuwa 450 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin ramin kuwa, gishirin ya hana fata da ƙyalle ruɓewa, har da matakalar katako da ta haura shekara 3,000, wadda aka gano a 2002 ake kuma nunawa a ciki. Sai dai jagora kan ratsa wannan ɓangaren da sauri, yana raba lokaci tsakanin Jamusanci da Turanci, hasken fitilu da majigi sun fi bayani yawa. Mafi yawan kayan kaburburan suna gidan tarihin halittu na Biyana, babban birnin Ostiriya, kaɗan a gidan tarihin ƙauyen. Mai son ganinsu da ido ya haɗa da ɗaya daga cikin biyun.