Tarkon rairayi na BSNE: abin da yake kamawa da abin da ke kuɓuce masa

Masu auna yawan ƙasar da iska ke kwashewa daga gonakin yankuna masu ƙarancin ruwa sun daɗe da sanin tarkon BSNE (Big Spring Number Eight), wanda Donald Fryrear ya ƙera a tashar binciken noma ta Big Spring da ke jihar Texas a Amurka, aka kuma wallafa bayaninsa a 1986. Ƙaramin akwatin ƙarfe ne, siriri ta gaba, mai faɗi ta baya, bakinsa santimita 2 a faɗi, 5 a tsayi. Jelarsa ce ke juya shi ya fuskanci iska, idan iskar ta shiga sai ƙarfinta ya karye, ta fice ta ragar da ke sama, rairayin kuwa ya zube a farantin ƙasa. Ana jera da dama a jikin sanda guda, daga dab da ƙasa zuwa kimanin mita ɗaya, bayan kowace iska a juye a ɗora a sikeli.

Babban abin yabo a gare shi shi ne ba ya bukatar lantarki, ga juriya, shi ya sa ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, inda iskar da ke riga hadarin farkon damina takan binne ƙananan shukar gero cikin 'yan mintoci. Tarkon yana kama kusan kashi 90 cikin ɗari na rairayi, amma ƙura mai laushi, wadda ita ce ke ɗauke da albarkar ƙasa, da yawa takan bi iska ta fice. Wannan a ganina ba ƙaramar tawaya ba ce ga mai binciken takin gona. Haka kuma ba ya nuna lokacin da rairayin ya shiga, ba ya kuma tare manyan ƙwayoyin da ke gangarawa a doron ƙasa.

Sanda guda a tsakiyar gona abin da ya wuce ta wurin kawai za ta nuna. Sanin asarar gonar sai an kafa wasu ta inda iska ke shigowa da inda take fita, a kwatanta. A nan kuɗi kan yi yawa, don haka mai ƙaramin kasafi ya duba tarkon MWAC, wanda gorar roba ce da bututu biyu, ko da yake ƙaramin bakinsa ya fi saurin toshewa idan laka ta shiga.