Na bi ta hannun ejan na nemi bizar karatu ta Birtaniya: abin da suka iya da inda suka kusa kayar da ni

Wata bakwai na yi ina mu'amala da wani kamfanin da ke nema wa ɗalibai gurbin karatu da biza, tun daga ranar da na fara tura musu takarduna har ranar da aka ba ni izinin shiga Birtaniya a watan Satumba na 2025, domin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Ba zan kama sunansu ba. In maki ake so, uku cikin biyar na ba su, kuma biyun da na riƙe dalilinsu ɗaya ne: maganar kuɗin banki.

Gaskiya a wajen neman gurbi ba su da makusa. Sun duba takardun makarantata, sun sa na sake rubuta bayanin dalilin karatuna sau uku, sun kuma tuna mini da jarrabawar Ingilishi ta IELTS tun da sauran lokaci. Sai dai na lura duk jami'o'in da suke yaba mini waɗanda suke da alaƙa da su ne. Daga baya na fahimci jami'o'i da yawa suna biyan ejan kamasho a kan kowane ɗalibi da ya kawo. Ba haramun ba ne, amma da sun faɗa mini tun farko da na san da wane kunne zan saurari shawararsu.

Akwai kuma inda suka faɗa mini gaskiya mai ɗaci, na kuma gode musu. Na tambaya ko maigidana da 'yarmu za su iya bina. Matar da ke kula da fayil ɗina ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce, "Hajiya, ki cire wannan daga ranki. Tun watan Janairu na 2024 aka rufe wannan ƙofar ga masu digiri na biyu na aji, sai masu karatun bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu." Ranar ban ji daɗi ba, amma gara haka da a yi ta ja na da igiyar zato.

Komai na wannan biza yana rataye ne a kan wata lamba da jami'a ke bayarwa, wadda ake kira CAS. Ita ce shaidar cewa makaranta ta karɓe ka kuma ta tsaya maka a gaban hukumar shige da fice. Wata shida take yi ta mutu, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. A cikinta ake rubuta kuɗin makaranta na shekarar farko da abin da ka riga ka biya. Da tawa ta fito a watan Yuli, kafin alƙalamin da na tura wa jami'a bai bayyana a ciki ba. Ni dai murna ta rufe mini ido, ban gani ba. Ita matar ce ta gano, ta rubuta wa jami'ar, aka gyara cikin 'yan kwanaki. Da ba a gyara ba, sai an nemi in nuna wannan kuɗin a banki kamar ban taɓa biya ba. Wannan kaɗai ya isa in ce ban yi asarar ladan da na ba su ba.

To, sai maganar banki.

Dokar kamar yadda take a lokacin da na nema: ɗalibi zai nuna ragowar kuɗin makaranta, ya ƙara da kuɗin zama na wata tara, fam 1,483 a kowane wata in a Landan zai yi karatu, fam 1,136 in a wajen Landan ne. Tawa jami'ar ba a Landan take ba, don haka fam 10,224 ne a kaina bayan kuɗin makaranta. Kuɗin nan dole su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe da ke kan takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da aka shigar da buƙata. Adadin yana canzawa, saboda haka mai nema yanzu ya duba sabo.

Ni kawuna ne ya ɗauki nauyina, ƙanen mahaifiyata. Tun a watan Yuni na tambayi wani matashi a ofishin, wanda yake riƙe da fayil ɗina lokacin da matar ta tafi hutu, ko kuɗin za su iya zama a asusun Kawu. Ya ce babu matsala, wasiƙa kawai zai rubuta cewa shi ne mai ɗaukar nauyi. Na yarda. Kawu ya tara kuɗin wuri ɗaya, ya hana kansa taɓa su, ɗan kasuwa da kuɗinsa ba sa kwana. Muka ƙirga kwana 28 cif, muka karɓo takarda daga banki da hatimi da komai.

Daren da zan cike fom na ƙarshe, barci ya ƙi zuwa, sai na buɗe shafin gwamnatin Birtaniya a waya ina karantawa a hankali, layi bayan layi. A nan na ci karo da shi: asusun ya zama na ɗalibi, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda doka ta ba riƙonsa, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewa. Babu kawu, babu gwaggo, babu yaya. Na karanta ya fi sau biyar ko zan ga wata kafa. Hannuna har rawa yake.

Da safe na kira matar, ta dawo daga hutu. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wa ya gaya miki haka?" Na faɗa mata. Ta ba ni haƙuri, ta ce a mayar da kuɗin asusuna yau-yau, a fara ƙirga daga ɗaya. Kiran Kawu shi ya fi mini nauyi. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wai sai an sake." Ya ce, "Wata guda kuma, 'yar nan?" Bai ƙara komai ba, kafin la'asar kuɗin sun shigo.

Wani abin da ba wanda ya gaya mini a ofishin, sai wata da ta riga ni tafiya: idan kuɗinka ba fam ba ne, ana lissafa su ne da farashin canji na shafin OANDA a ranar da ka shigar da buƙata. Wato kuɗin da suka isa ranar farko suna iya gazawa ranar ƙarshe, alhali ko kwabo ba ka cire ba. Sai da muka ƙara wani abu a kai don kariya, na koma kullum da asuba ina duba farashin fam kamar 'yar canji.

Sauran matakan ba su ba ni wahala ba. Gwajin tarin fuka, wanda ake buƙata daga 'yan ƙasashen da ke cikin wani jeri, hoton ƙirji ne a asibitin da hukumar Birtaniya ta amince da shi, takardar kuma wata shida take aiki. Kuɗin biza a 2025 fam 524 ne. Kuɗin lafiya, wanda ke ba ɗalibi damar zuwa asibitocin gwamnati na NHS, fam 776 ne a shekara a lokacin, amma fam 1,164 na biya, domin bizar karatun shekara ɗaya tana da ƙarin watanni a gaba da baya, sai a caje ka shekara da rabi. Ejan sun faɗa mini wannan tun da wuri, ban sha mamaki ba. Sai zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu, wanda bai kai awa ɗaya ba.

Amma kwana 28 na biyun sun cinye mini watan Agusta. A ƙa'ida amsa kan ɗauki mako uku, ni kuwa ranar ƙarshe ta rajista a jami'a ta matso. Dole na biya fam 500 na sabis ɗin gaggawa, mai ba da amsa cikin kwana biyar na aiki. Kuɗin da ba ya cikin lissafina ko kaɗan, kuma kuskuren wani ne ya jawo shi.

Bizar ta fito. Ba a liƙa mini komai a fasfo ba, eVisa ce, sai ka buɗe asusu a intanet ka haɗa shi da fasfonka. A ciki na ga sharuɗɗan a rubuce: aiki awa 20 a mako lokacin karatu, ba sana'ar kai, ba tallafin gwamnati. Ejan ba su zauna da ni a kan ko ɗaya ba. Da zarar biza ta fito, hoton murna suka nema don shafinsu na Instagram, na ce a'a.

Na rubuta musu ina neman su mayar mini da ko rabin fam 500 ɗin, na haɗa da hoton saƙon WhatsApp inda yaron ya ce asusun Kawu ya yi. Suka ce manaja zai duba. Na tuna musu sau biyu daga nan Ingila. Saƙo na ƙarshe da ya shigo daga lambarsu talla ce, wai in kawo musu ɗalibi a ba ni tukuici.