Niƙaƙƙen haɗin kara da harawa na kasuwannin Gombe

Haɗin da ake sayarwa buhu-buhu a kasuwannin dabbobi na Gombe da rani, karan dawa ne niƙaƙƙe da harawar wake ko ta gyaɗa, wasu su ƙara dusa. Kirkinsa ɗaya ne babba: akuya ba ta iya tsince ganye ta bar kara, don haka asara kaɗan ce.

Inda ake cutar mai saye shi ne wajen gauraya. A zura hannu har gindin buhu. In fari ya rinjayi kore, kara aka saya da kuɗin harawa. Furotin ɗin kara bai kai rabin na harawar wake ba, cika ciki kawai yake yi. Akuyar da ta daɗe a kansa sai ta rame, jininta ya ragu, musamman mai shayarwa. A janye fatar idonta ta ƙasa a duba launin cikin fatar: ja ko ruwan hoda lafiya, fari-fat kuwa ƙarancin jini ne. Tsutsar ciki ma na jawo haka, sai a nemi likitan dabbobi.

Buhun da ke warin funfuna a bar wa masu sayarwa kayansu, gubarsa hanta take ci. Mai kyan kuwa ya cancanci kuɗinsa, in an haɗa da dusa, gishirin lasa da wadataccen ruwa.