Hattara da masu sayar da shafin intanet da hoton dala

Jama'a, akwai wata cuta da ta yi yawa a zaurukan WhatsApp da Telegram na masu harkar intanet, kuma matasanmu take cinyewa, musamman waɗanda suka tara ɗan jari suna neman abin da zai riƙa kawo musu dala. Mutum zai tallata shafinsa, ya ce yana samun dala 500 duk wata daga Google AdSense, wato tsarin da Google ke saka talla a shafi yana biyan mai shafin, ya liƙa hoton asusunsa, ya ƙara da cewa wata lalura ce ta taso masa shi ya sa zai rabu da shi, kuma akwai mutum biyu da ke jira, wanda ya riga biya shi ke da kaya. Wannan gaggawar da yake saka ka, ita ce jarinsa.

A manyan kasuwannin sayar da shafuka irin su Flippa da Empire Flippers, ba da ka ake yanke farashi ba. Ana ɗaukar ribar wata shida zuwa goma sha biyu, bayan an cire duk abin da aka kashe, a fitar da matsakaicin ribar wata guda, sannan a ninka ta, galibi sau 30 zuwa 40. Ke nan shafin da da gaske yake barin ribar dala 500 a wata, kuɗinsa ya kai dala 15,000 ko fiye. To in ka ga mai irin wannan shafi yana roƙonka ka ba shi dala 2,000, ka tambayi kanka me ya hana shi kai kayansa inda za a saya da daraja. In kuma da wannan lissafin ya yi maka farashi, ka sani duk dala ɗaya ta ƙarya da ya cusa a cikin kuɗin wata, sau talatin za ka biya ta. Shi ya sa suke wahalar da kansu wajen kumbura lambobin.

Hoton allo ba hujja ba ne ko kaɗan. A kwamfuta, duk wanda ya buɗe Chrome ya danna Inspect zai iya mayar da dala 5 ta koma 500 cikin minti ɗaya, ya ɗauki hoto ko ma bidiyo. Da zarar an sake loda shafin, lambar gaskiya za ta dawo.

Dabarar da ta fi ba ni tsoro ita ce abin da 'yan harkar suke kira lodin, domin ita lambobinta na gaske ne a idon mai kallo. Mai shafin zai sayi maziyartan bogi, ko su haɗa ƙungiya suna canza ƙasa da VPN suna danna tallan juna, sai asusu ya cika da kuɗi wata ɗaya ko biyu, kamar ragon da aka ɗura wa kanwa da ruwa ana gobe kasuwa. Abin da mai saye bai sani ba shi ne, kuɗin da AdSense ke nunawa kullum ƙiyasi ne kawai. Sai wata ya ƙare Google ke tantancewa, ya zare abin da ya gano na dannawar bogi ne, sannan ya biya tsakanin ranar 21 da 26 ga wata mai zuwa, in kuɗin sun kai dala 100. Macucin ya san wannan jadawali sarai, don haka yake sayarwa kafin ranar wanka. Kai da ka saya, kai za ka wayi gari ka tarar an rage kuɗin ko an rufe asusun baki ɗaya, kuma asusun da aka rufe kan wannan laifi da wuya ya dawo.

Akwai kuma mai nuna maka abin da ya shigo ya ɓoye abin da ya fita. Dala 500 ta shigo, gaskiya ne, amma ya kashe 450 a tallan Facebook kafin mutane su zo. Ribarsa 50 ce, a kanta ya kamata a yi ciniki.

Shi kansa asusun AdSense ɗin da ake cewa za a haɗa maka da shi, ƙa'idar Google ba ta yarda a mayar da mallakarsa ga wani ba. Sunan mai shi ne a kai, da adireshinsa, kuma sau da yawa lambar wayarsa ce ta dawo da imel ɗin. Ranar da ya ga dama sai ya karɓe abinsa. Mai saye na gaskiya shafin yake saya, ya ɗora nasa asusun.

Don Allah ɗan'uwa, kafin ka tura ko sisi, ka ce ya saka imel ɗinka a Google Analytics da Search Console, wato kayan aikin Google masu nuna ƙididdigar maziyartan shafi, a matsayin mai kallo, ka duba shekara guda da idonka: daga ina mutane suke zuwa, daga wace ƙasa, kuma yaushe suka fara yawa. Shafin labaran Hausa da yawancin maziyartansa suka fito daga Amurka dare ɗaya, ka san da walakin. Ka lura ko maziyartan shafin sun ragu bayan sauye-sauyen da Google ya yi wa tsarin bincikensa a Satumba 2023 da Maris 2024, waɗanda suka durƙusar da shafuka masu yawa, domin wasu tsohon hoton zamanin da ake samu suke yawo da shi. Ka nemi shaidar biyan da ya shiga bankinsa wata bayan wata, ka gwada ta da abin da asusun ya nuna. Ka leƙa archive.org ka ga yadda shafin yake bara. Wanda ya ce ba zai nuna maka ba saboda tsaro, bar masa kayansa. Izinin kallo ba ya ba ka ikon taɓa komai, shi ma ya sani.

Biya kuwa, a bi ta hannun kamfani mai riƙon amana, ko wani dattijo da ku biyun kuka yarda da shi, kada a saki kuɗi sai sunan shafin ya koma asusunka na rajista, ba kalmar sirri kawai aka miƙa maka ba. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada ya goge hirar da suka yi da rasit ɗin tura kuɗin. Ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara ofishin EFCC ko na 'yan sanda mafi kusa da shi.