Sharhi: Yawon ramin Queen Mine a Bisbee, da garin da ya ƙi mutuwa

Bisbee ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin jihar Arizona ta Amurka, kimanin kilomita 150 daga Tucson, dab da iyakar Meziko. Tagulla ce ta kafa shi a 1880, kuma da kamfanin Phelps Dodge ya daina haƙa a 1975 kowa ya ɗauka garin ya gama yayi. A 1976 hukumar garin ta buɗe wani sashe na tsohon ramin ga baƙi, shi ne yawon Queen Mine. A ganina ya ci kuɗinsa, kuma da shi ya kamata baƙo ya fara, don in ba ka shiga ƙarƙashin dutsen ba, abin da ke samansa ba zai yi maka ma'ana ba.

A bakin ramin za a ba ka hular kwano da rigar ruwa mai ruwan ɗorawa da fitilar mahaƙa. Sai a hau ɗan jirgin ƙasan ma'aikata, ana zama a kan benci ƙafa nan ƙafa can kamar goyon babur. Jirgin yana kutsawa wajen mita 450 cikin dutse, tafiyar duka kusan awa ɗaya ce. Inda baƙi suka fi yin kuskure shi ne sutura. Sanyin ciki yana tsayawa wajen digiri 8 rani da damina, rigar ruwan kuwa ba ta ɗumama jiki, don haka wanda ya shigo da 'yar shara saboda zafin Arizona haƙoransa za su gaya masa. A zo da rigar sanyi da rufaffen takalmi. Akwai wurin da ake sauka a hau matattakala, mai ciwon gwiwa ya san da wannan. A kama wuri tun kafin ranar, musamman a ƙarshen mako.

Bayanin fasa dutse ya fi komai armashi. Ana huda ramuka da yawa a fuskar dutsen, a ɗura nakiya, amma ba a tashe su lokaci guda. Tsawon lagwanin kowanne daban ne: na tsakiya su fara tashi su buɗe gurbi, na kewaye su rufta cikin gurbin, na ƙasa su zo ƙarshe su ɗaga tarin. Mahaƙa kan tsaya nesa suna ƙirga ƙarar, domin in lissafi bai cika ba akwai nakiyar da ba ta tashi ba, kuma irinta ce ke kashe mutum idan bakin injin huda ya same ta. Tsofaffin injinan da ke huda a bushe su ma sun ci rayuka, ƙurar dutse tana taruwa a huhu, shi ya sa aka koma masu feso ruwa. Har taragon ban-ɗaki mai kujera biyu za a nuna maka.

Yawon ya fi karkata ga dabarun aiki. Mai son tarihin rikicin ƙwadago ya ƙara da gidan tarihin ma'adinai da ke tsohon ofishin kamfanin a tsakiyar gari. Ranar 12 ga Yuli, 1917, aka tattara masu yajin aiki da magoya bayansu sama da 1,000 da bakin bindiga, aka loda su a taragun shanu, aka zubar da su a hamadar New Mexico.

Shi kansa garin, bayan 1975 farashin gidajen mahaƙa ya faɗi warwas, sai masu zane da mawaƙa da 'yan Hippie, waɗanda suka juya wa aikin ofis da tara abin duniya baya, suka saye su da araha. Su suka rina katangu da launuka, suka mayar da tsofaffin shaguna wuraren sayar da zane-zane da kayan zamanin da. Yau mazauna kusan 5,000 ne. Gaskiya wani ɓangare na wannan tawayen ya zama haja, musamman a Main Street inda kayan tsaraba suka yi yawa kuma ba su da sauƙi. Ainihin abin yana sama, a unguwannin da ke manne da tsauni, inda wasu gidajen sai ta matattakala ake kai musu. Kowane Oktoba ana gasar hawa matakai sama da 1,000. A hau a hankali, garin yana sama da mita 1,600 daga teku, numfashi yana saurin ƙarewa.

Brewery Gulch layin mashaya ne tun zamanin mahaƙa, da dare akwai hayaniya, mai iyali ya nemi masauki nesa da shi. Titunan tsohon gari matsattsu ne, gara a ajiye mota a ƙasa a taka. Katafaren ramin Lavender, tsohon buɗaɗɗen ramin haƙar tagulla mai zurfin kusan mita 270, yana bakin babbar hanya ta 80 kuma kallonsa kyauta ne. Minti goma sun isa.